Katunan Dodanni da Sabon Idon Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a ɗakinmu na unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira, ko da kuwa watarana zan manta sunan layin da lambar benen. Ranar ce na durƙusa a gaban baffana, ni ƙato da gemuna, ɗalibin Shari'a da ya rage wa shekara ɗaya ya gama, ina yi masa bayanin abin da ya sa wani koren dodo mai fukafukai ya fi buhun shinkafa tsada. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo min a bayan wuya, daga nan kuma in yi hamdala, domin abin da ya kamata ya biyo bayan wannan rana bai biyo ba.

Sai na fara gabatar muku da Baffa Sule kafin ku gane girman ramin da na haƙa wa kaina. Ƙanin mahaifina ne, ɗan kasuwar atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, kuma da na samu gurbin karatu a Masar shi ya ce in tafi, ci da sha da haya duk a wuyansa. Mutum ne mai sauƙin kai da yawan barkwanci, amma yana da doka guda ɗaya da kowa a gidanmu ya haddace: ka ci, ka sha, ka faɗi jarrabawa ma in ta kama, amma kada ka yi masa ƙarya a kan kuɗi. Ba da wasa yake ba. Ɗansa na cikinsa, Yaya Bashir, ya taɓa ƙara wa kuɗin makaranta gishiri lokacin yana karatu a waje. Baffa bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Tikitin jirgi kawai ya aika masa. Yanzu haka Yaya Bashir yana shago yana auna yadi, kuma ya iya aikin sosai.

To da sanin wannan duka na faɗa harkar katuna.

Laifin Nuraddin ne, in dai ana neman wanda za a ɗora wa (ni ma na san ba nasa ba ne, amma ku bar ni in ɗan rage nauyi). Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa za su aikin Hajji suka zauna a hanya. Na haɗu da shi a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ranar da na je canjin kuɗi, na ji mutum a bakin wani lungu yana waya da Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan, na yi masa sallama. Ya ja ni sama zuwa ɗan shagon da yake tsaro, ya aika aka kawo shayi. Shagon cike yake da kwalaye masu zanen dodanni, ga teburi huɗu, ga manyan mutane zaune suna ta jera katuna da fuska a murtuke kamar masu rabon gado. Na yi dariya har na ƙware. Da zan tafi Nuraddin ya miƙo min fakiti ɗaya kyauta, ya ce in buɗe in gani.

Ga wanda bai san abin ba, ga yadda yake. Katuna ne masu hoton dodanni da mayaƙa, kowanne da ƙarfinsa da lagonsa a rubuce. Mutum yana haɗa nasa rukunin ya kara da wani, wanda ya fi dabara da katuna masu kyau ya ci. Matsalar ita ce ba a sayar maka da abin da kake so kai tsaye daga kamfani. Fakiti ne a liƙe, katuna goma a ciki, ba ka san me ke ciki ba sai ka biya ka yage. Tara daga ciki tarkace ne da kowa yake da su. Amma lokaci-lokaci sai a samu guda ɗaya mai ƙyalli, wanda in ka juya shi a haske launinsa ke sauyawa, kuma shi ne kowa yake nema. A fakitin kyautar nan tawa, da yake Shaiɗan ya san aikinsa, akwai mai ƙyalli. Duk shagon aka taso ana leƙe, ana cewa masha Allah, hannun shehi akwai albarka. Na sauko daga benen nan ina jin kaina kamar wanda aka ba wa sarauta.

Mako na zagayowa na koma da kuɗina.

Kada wani ya ce muku wannan wasa na yara ne, don ba yaron da aljihunsa zai iya. Daga waje ake shigo da katunan, saboda haka duk motsin da dala ta yi sai farashinsu ya yi tsalle, kuma ban taɓa ganin ya sauko ba. Fakiti ɗaya kuɗin kosharina ne na kwana uku, wato abincin nan nasu na shinkafa da taliya. Kwali guda kuwa ya haura kasona na hayar wata. Bayan nan sai an saya wa kowane kati rigar leda don kada ya kwarzane, sai faifan ajiya mai aljihu-aljihu, sai kuɗin shiga gasa ranar Alhamis. Na koma cin ful, dafaffen wakensu, da burodi safe da yamma, ina gaya wa abokin ɗakina Habibu cewa zuhudu nake gwadawa. Abin haushin ma, ban iya wasan ba. Kowa cinye ni yake yi. Akwai wani likitan haƙori mai tumbi da in ya gama da ni sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish ya sheikh," wato in yi haƙuri, ya kuma saya min lemo.

Gaskiya Nuraddin ya yi min nasiha. Ya sha ce min, "Ya zol, mutumina, khalas, ya isa haka, bar yage fakiti. In kati kake so, sayi shi kaɗai a hannun wanda yake da shi, ya fi maka araha." Ni kuwa ba katin nake so ba, yagewar nake so, wannan ɗan lokacin da ledar take ƙara a hannunka kuma komai yana iya fitowa. Na sa wa abin suna jari. Ina lissafa wa kaina cewa masu ƙyallin nan tashi suke yi, watarana zan sayar in ninka. (A shekarar ne fa na ci jarrabawar babin ciniki da maki mai kyau, na cika shafi biyu a kan hukuncin sayen abin da ba ka san me ke cikinsa ba. Ilimin yana nan, amfani da shi ne ya gagara.)

Ana cikin haka, da sanyi ya shigo, Baffa ya kira ni. Ya ce ya ji ana baje kolin littattafai a Alƙahira a wannan lokaci, kuma yana da niyyar da ya daɗe da ita. Akwai wani babban sharhin fiƙihu mai mujalladi goma sha biyu da mahaifina ya yi ta burin mallaka bai samu ba. Yana so in saya, in yi karatu da shi, in na gama in taho da shi a ajiye a masallacin unguwarmu waƙafi, ladan ya je wa mamaci. Washegari kuɗin suka shigo, har da ɗoriya.

A makon ne kuma sabon jerin katuna ya fito.

Ba zan ɓata muku lokaci da irin fatawoyin da na ba wa kaina a cikin jirgin ƙasa ba. Na ce ara zan yi, ba ci ba. Na ce kwali ɗaya ne, in na samu babban dodon da ake ta magana a kai zan sayar in mayar har da riba, mamaci ma ya samu mujalladi ashirin. Kwalin farko bai ba ni shi ba. Na biyu ya ba ni ƙaninsa, koren nan mai fukafukai. Kafin sati biyu kuɗin sun tafi, sai ɗan canjin da ba zai sayi ko bangon littafi ba. Da Baffa ya kira yana tambaya, bakina da kansa ya ce, "An saya, Baffa." Ya yi ta sa min albarka har katin wayarsa ya ƙare. Na zauna a bakin gado ina jin kaina ƙazami, amma na lallashi zuciyata da cewa akwai shekara guda a gaba, zan tara in saya kafin in koma gida.

Wata huɗu kawai aka ba ni. Baffa ya bugo waya ya ce yanar idonsa ta yi yawa, har lambar kuɗi ba ya iya bambancewa sai yara sun duba masa, kuma an ba shi shawarar ya zo Masar a yi masa aiki. Yana tafe nan da kwana goma. A ƙarshen maganar ya ƙara da cewa zai zo har ɗakina ya shafa littattafan ɗan'uwansa da hannunsa.

Shafa. Wannan kalma na riƙe, a kanta na gina dabarata.

Na samu Habibu na kwance masa komai. Habibu mutumin Gusau ne, mai haƙuri, irin ɗaliban da in sun samu kuɗi littafi suke fara saya kafin sabulu. Ya yi salati, ya yi min wa'azi na minti goma, sannan ya ce yana da mujalladi takwas na sharhin, zai ara min amma shi ba ruwansa, ko tambayarsa aka yi zai ce yana banɗaki. Sauran huɗun na aro su a hawa na biyar wajen wani ɗalibi ɗan Damagaram. Bugun ba ɗaya ba ne, na Habibu kore ne, na ɗan Damagaram ruwan ƙasa, amma na ce wanda ba ya ganin lambar kuɗi ina zai ga wannan. Na share kanta, na jera su reras, na tsaya daga baya ina kallo har na fara jin kamar nawa ne.

Habibu ne ya tuna min da shafin farko. Duk wanda ya zauna da ɗalibanmu ya san al'adar: ranar da ka sayi littafi, kafin ka karanta ko layi ɗaya, sai ka buɗe shafin farko ka rubuta sunanka da na mahaifinka da garinku da ranar saye, ka bi da addu'a, wasu ma har su ƙara gargaɗi ga mai aro. Habibu da alƙalamin tawada yake rubuta nasa, da manyan baƙaƙe. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, daga filin jirgi zan kawo Baffa nan kai tsaye, ya shafa, ya yi addu'a, mu wuce. Mutumin da sai ya ji muryarka yake gane ka ba zai karanta shafin farko ba.

Sai kuma na ƙara wata wautar a kai. Katuna masu ƙyalli suna da wani hali, in zafi ya yi yawa sai su lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen kati darajarsa faɗuwa take yi. Maganin da masu harkar suka sani shi ne a danne su a cikin littafi mai nauyi. Ni kuwa tun da na fara ban taɓa samun littafi mai nauyin kirki a ɗakina ba (ku lura da wannan, ɗalibin Shari'a ne ke magana). Da na ga mujalladi goma sha biyu sun sauka, sai na ga dama ta samu. Na ɗauki manyan katunana goma sha bakwai na rarraba su a cikin mujalladi na tara, wanda ya fi kowanne kauri. Sauran tarkacen na tura su ƙarƙashin gado a kwali.

Dabarar ta fara warwarewa tun a filin jirgi. Baffa ya sauka a gajiye, ya ce a wuce da shi masaukin da aka kama masa a Abbasiya kusa da asibiti. Washegari likita ya duba shi ya ce ai ba abin jira, jibi za a yi idon dama. Na shiga hidima, ina kwana a can, ina ɗiga masa magani, ina dafa masa tuwon semo da miyar kuka da ya taho da ita. Ban damu sosai ba, don na ɗauka wanda aka taɓa wa ido zai yi wata guda a cikin baƙin gilashi, a hana shi kallon komai.

Ranar da aka cire bandejin na san na shiga uku. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe haka na rame, kuma wa ya ce min gemun nan ya yi min kyau. Daga nan bai bar komai ba. Ya karanta takardar magani, ya karanta lambar motar da ta ɗauko mu, ya karanta sunan kowane shago daga asibiti har masauki, da ƙarfi, yana dariya kamar wanda aka sako daga kurkuku. Na yi murna, wallahi na yi, har hawaye na share a ɓoye, don na daɗe ban ga Baffa haka ba. Amma murnar tana tafe da tunanin shafin farko. Bayan kwana goma likita ya ce ya iya karatu kaɗan-kaɗan. Muna fitowa Baffa ya tsayar da tasi da kansa, ya ce bai buɗe littafi ba tun shekara shida, kuma ya yi niyyar littafin da zai fara karantawa da sabon ido ya zama na ɗan'uwansa. "Yalla," in ji shi, wato mu je, don kalmar ya tsinta a asibiti kuma ta yi masa daɗi.

A cikin motar na tura wa Habibu saƙo sau biyar. Yana aji, wayarsa a kashe.

Muka hau bene, na buɗe ɗaki, na shimfiɗa masa darduma. Ya tsaya gaban kantar nan, ya ce Allah Ya jiƙan Yaya, wato mahaifina. Sannan ya tambayi me ya sa takwas kore ne huɗu ruwan ƙasa. Na ce haka bugun ya zo. Ya gyaɗa kai, ya zaro na farko, ya zauna, ya yi bismillah, ya buɗe.

Ya karanta sunan Habibu da na mahaifinsa da Gusau, a hankali, harafi bayan harafi, har da addu'ar da gargaɗin cewa duk wanda ya ara bai dawo da shi ba za su haɗu gaban Allah. Na ce ai na hannu na saya, wajen abokin ɗakina, ya fi sauƙi. Ya ce to madalla, tattali abu ne mai kyau. Ya ajiye, ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya daga cikin masu ruwan ƙasa. Ya karanta sunan ɗan Damagaram. Na ce shi ma na hannu ne. A nan muryata ta fara fita siririya. Baffa ya ce ikon Allah, ashe ɗaliban Masar duk sun gaji da karatu suna ta sayar da littattafansu. Wanda ke hannunsa kuwa shi ne na tara. Ya ɗaga shi kusa da taga don ya ga ƙananan rubutun ƙasan shafi, littafin ya buɗe da kansa ta tsakiya.

Suka zubo. Wasu a cinyarsa, wasu a kan darduma, ɗaya ya yi ta juyi a iska ya sauka cikin kofin shayin da na zuba masa. Rana tana shigowa ta taga, duk ɗakin ya ɗauki ƙyalli, ja da shuɗi da ruwan zinariya. Koren dodon ya faɗi daidai kan babbar rigarsa yana kallonsa da haƙora a waje.

Abin da na yi a lokacin shi ya fi komai ba ni kunya. Ban ce Baffa ka yafe min ba. Tsalle na yi na cafko wanda ya faɗa shayi, ina goge shi da gefen rigata, ina hura masa iska. Sai da na ɗago na ga yadda yake kallona da idon nan guda mai kaifi, sannan na gane na riga na ba da duk amsar da ake nema.

Ya tambaya ko karta ce. Na ce a'a. Ya tambaya ko tsafi ne. Na rantse ba shi ba ne. Ya ce to in zauna in yi masa bayani tun daga farko, shi yau ba inda za shi. Na durƙusa na faɗi komai, shagon, fakitin, kwalaye biyun, har likitan haƙori. Na jawo kwalin ƙarƙashin gado na buɗe masa. Shi kuma yana tsince katunan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa yana jera su a kan darduma, yana tambayar kuɗin kowanne. Da na faɗi na koren, sai ya sa na maimaita, ya juya shi zuwa naira a ransa, ya ce wato wannan ɗan kwalin ya fi turmin atamfa mai kyau. Amma abin da ya fi tsaya masa shi ne fakitin.

"Tsaya. Kana nufin ka ba da kuɗi, aka ba ka abu a liƙe, ba ka san me ke ciki ba?"

Na ce haka ne.

"Sau nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Shekara arba'in ina Kwari, ban taɓa karɓar dilar atamfa ban kwance ta ba. Kai kuma aka turo ka ka karanta Shari'a." Ya shafa bangon mujalladin da ke gefensa. "Kuɗin ba su dame ni ba. Wata huɗu ina gaya wa liman littattafan Yaya suna nan tafe."

Nan na fashe da kuka, kukan gaske, da majina da komai. A daidai lokacin Habibu ya turo ƙofa da sallama, ya ga abin da ke shimfiɗe a darduma, ya gaida Baffa a tsaye, ya ce shi banɗaki za shi.

Baffa bai yanke hukunci ranar ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Cewa kawai ya yi gobe in kai shi inda ake sayar da abin. Muka je Wustul Balad, ya hau benen nan da sandarsa da babbar riga, duk masu wasa suka miƙe tsaye. Nuraddin ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa, Baffa ya tambaye shi asalinsu, suka yi ta lissafin garuruwa kamar ba abin da ya kawo mu. Sannan ya zube kwalin a kan tebur ya ce a saya. A nan na ga jarina tsirara. Tarkacen nan da suka cika kwali, mai shagon ya ce a kilo ma ba ya so, a ƙarshe ya ba da abin da bai kai kuɗin tasi ba. Masu ƙyallin kuma aka sa musu fitila ana duba gefe da gefe, wannan ya kwarzane, wannan farashinsa ya faɗi tun da sabon jeri ya fito, wannan kuma warin shayi yake. Baffa ya yi ciniki da Larabcin Hajji da yatsu, Nuraddin yana fassara, sau biyu yana tattara kaya kamar zai tafi. Ya ƙwato fiye da abin da ni zan iya, amma duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na zuba ba. Likitan haƙori ne ya sayi koren. Ya dafa kafaɗata kamar kullum, wannan karon bai saya min lemo ba.

Daga nan muka wuce kantin littattafai. Kuɗin suka sayi mujalladi biyar. Baffa ya sa na ɗauko su a ka har bakin titi.

Kwana huɗu suka rage masa, kuma a cikinsu bai ƙara tayar da maganar ba. Yana ci, yana raha, yana karanta allunan titi. Ni kuwa na kasa cin abincin kirki. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai in ɗauka mai sayar da tikiti ne. Na fara kallon ɗakina da idon bankwana, har na tambayi kaina ko yadi nawa ne a turmi, don kada in je shago Yaya Bashir ya raina ni.

Ranar tafiya, da hantsi, na kai shi filin jirgi. Na sauke jakunkuna, na tsaya ina jiran a ce min in je in haɗa nawa kayan. Da na ga har zai shiga layi bai ce komai ba, na kasa daurewa, na ce, "Baffa, ni fa? Yaushe zan taho?"

Ya juyo ya dube ni. Ya ce lokacin da aka kwantar da shi za a yi masa aiki, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san wasu ana taɓa musu ido su tashi babu gaba ɗaya. A kan gadon nan ya yi wa Allah alkawari cewa in ya tashi yana gani, abin ɓacin rai na farko da idon zai nuna masa zai yafe shi, kowane ne, komai girmansa. Ya ce shi a zatonsa a shago zai gamu da abin, cikin littafin ciniki, don ya daɗe yana zargin yaransa.

"Sai kai ka riga su," in ji shi. "Ka zauna ka gama karatunka. Ba wanda zai ji daga bakina, har innarka."

Na durƙusa a tsakiyar mutane ina godiya, wani ɗan sanda yana kallonmu. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa, na ji yunwar kwana huɗu ta taso min gaba ɗaya. Baffa ya ɗaga ni, ya gyara min hula, ya ɗauki ƙaramar jakarsa. Har ya yi taku biyu ya waiwayo.

"Likita ya ce baɗi in dawo a yi na hagu. Shi kam ban yi masa alkawarin komai ba."

Mujalladi bakwai ɗin da suka rage da kuɗin cefanena na saye su, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan karon zuhudun na gaske ne. Na cika su saura wata biyu ya dawo. Darasin da na ɗauka ba wani mai zurfi ba ne, malamai sun faɗi waɗanda suka fi shi tun kafin a haife ni. Nawa dai shi ne: in har ka rasa abin da za ka jingina ƙaryarka da shi, kada ka jingina ta da ciwon wani, domin mutane suna warkewa.